Na Bar Fim, Mata Suna Kawo Mini Kukansu: Ko Zan Iya Zama Mai Ba Da Shawara?

Assalamu alaikum Anti. Ni mace ce mai shekara 39, haifaffiyar Tudun Wadan Zariya. Na yi shekara 14 ina harkar fim tsakanin Kano da Kaduna, tun zamanin faifai har zuwa shirye-shirye masu dogon zango na talabijin, inda aka fi sanina da fitowa a matsayin gwaggo mai sasanta ma'aurata. Shekara biyu ke nan da na dawo gida jinyar mahaifiyata, kuma harkar ta fita daga raina. Sai dai tun dawowata mata ba su bar ni na huta ba, wasu su turo saƙo ta WhatsApp, wasu su yi sallama har gida, kowace da kukanta na miji ko kishiya ko ɗan da ya faɗa shaye-shaye. Ina ba su amsa gwargwadon hankalina, kuma ina jin daɗin hakan fiye da duk fim ɗin da na taɓa yi. A watan jiya wata yarinya ta rubuto mini cewa za ta sha fiya-fiya ta huta. Na lallashe ta har ta ce ta haƙura, amma ban runtsa ba a daren, kuma har yau gabana yana faɗuwa. Ina so in mayar da ba da shawara sana'ata, amma takardar sakandare kaɗai gare ni. Yayana ya ce 'yar fim ba ta da bakin yi wa kowa nasiha. Wani furodusa kuma ya ce in zo mu buɗe shiri a YouTube, ina karanta saƙonnin ina amsawa, wai akwai kuɗi a ciki. Anti, ina mafita?

Ƙanwarki daga Tudun Wada, Zariya

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata. Allah Ya ba Hajiya lafiya, Ya sa ciwon ya zama kaffara, ke kuma Ya ba ki ladan jinya. Zan fara da maganar yarinyar nan, duk da cewa ba a kanta kika yi tambaya ba, domin karatunki da Yayanki da furodusa duk za su iya jira, ita kuwa ba za ta jira ba.

Wanda ya furta cewa zai kashe kansa, har ya ambaci abin da zai sha, ya wuce a lallashe shi a waya a kwanta barci. Cewar da ta yi ta haƙura tana iya zama gaskiya, tana iya kuma zama nauyinki ta ji, domin ba kowa ke iya musa wa wanda yake girmamawa ba. Ki neme ta yau, ki tambaye ta kai tsaye ko tunanin yana dawo mata, kuma ko gubar tana hannunta har yanzu. Mutanenmu suna tsoron irin wannan tambaya, suna ganin kamar tuna wa mutum abin da ya manta ne, alhali masana lafiyar ƙwaƙwalwa sun daɗe da tabbatar da cewa tambayar ba ta dasa tunanin a zuciyar kowa, sau da yawa ma sauƙi take kawowa, saboda mutum ya ga an ɗauki maganarsa da gaske. Daga nan ki gaya mata a fili cewa wannan ba sirrin da za ki riƙe ke kaɗai ba ne. Ku zaɓi mutum ɗaya cikin danginta wanda ta amince da shi, uwa ko yaya ko gwaggo, a sanar da shi, a kawar da gubar daga gidan, a kai ta ga likita. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai kuma Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Idan a cikin zancen ya bayyana cewa fyaɗe ne ya kai ta ga wannan hali, akwai cibiyar Salama a Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, wadda aka buɗe domin irin waɗannan. Wataƙila ta yi fushi da ke na ɗan lokaci, ta ce kin tona ta. Ki jure fushin.

Yanzu mu dawo kanki. Ina so ki zauna ki tambayi kanki tsakani da Allah: wa matan nan suke zuwa nema? Ina kyautata zaton da yawansu gwaggon nan ta talabijin suke nema, wadda ta riƙa shiga falonsu kowane mako har suka saba da muryarta kamar ta 'yar gida. Waccan gwaggo kuwa ba ta taɓa yin kuskure ba, saboda marubuci ya san ƙarshen labarin kafin ya sa mata magana a baki. In ta ce wa amarya ta koma ɗakinta ta yi haƙuri, mijin zai shiryu kafin zangon ya ƙare, domin haka aka tsara. In kalma ta kuɓuce miki a lokeshan, darakta zai tsayar da aiki a sake ɗauka. Matar da ta yi sallama a ƙofar gidanku ba haka take ba. In kika ce ta koma, alhali ba ki tambaya kin gano cewa dukanta ake yi ba, gidan dukan za ta koma da maganarki a kunnenta, kuma babu editan da zai yanke abin da zai biyo baya. Yardar da suka yi miki dukiya ce, ban raina ta ba, akwai masu digiri uku da ba za su taɓa samun irinta ba. Amma yarda daban, iyawa daban, kuma yardar da ta fi ƙarfin iyawar mai ita tana cikin abubuwan da suka fi cutar da masu neman taimako.

Akwai kuma wani bambanci tsakanin sana'o'in biyu wanda nake so in daɗe a kansa, domin shi ne zai fi ba ki wahala. Shekara 14 kin yi kina koyon yadda za ki cika wuri, yadda ido zai tsaya a kanki, yadda za ki faɗi maganar da za a riƙa maimaitawa a gidajen biki. Mai ba da shawara kishiyar wannan yake koya. Yana koyon yin shiru har ya yi nauyi, yana koyon tambayar da ke buɗe bakin mutum, yana koyon haɗiye amsar da ta riga ta zo masa kan harshe, domin amsar da mutum ya gano da kansa ita ce yake aiki da ita idan ya koma gida. Ni kaina da tsada na koyi wannan. A shekarata ta farko ina kula da ofishin ba da shawara a wata makarantar 'yan mata, wata ɗaliba ta shigo ta ce mini karatu ya daina shiga kanta. Na yi kusan rabin sa'a ina yi mata bayani kan tsara lokaci da tashin asuba, ta yi godiya cikin ladabi ta fita. Bayan hutu ba ta dawo ba. Daga baya na ji cewa an riga an sa ranar aurenta da wanda ba ta so, kuma abin da ya kawo ta ofishina ke nan, ni kuwa ban ba ta sararin faɗa ba. Shekaru sun wuce, har yau ina ganin yadda ta tsaya a bakin ƙofa kafin ta fita, kamar mai jiran in tambaye ta wani abu. Ke da Allah Ya ba baiwar magana kin fi ni haɗarin faɗawa wannan rami, domin maganarki tana da daɗin da zai sa mace ta tafi tana yabo alhali ba ta sauke abin da ta ɗauko ba.

Kada ki ɗauka cewa shekarun da kika yi a fim sun tafi a banza. Wanda ya iya shiga rigar wani, ya ji abin da uwar miji take ji ko da ba ya son halinta, ya riga ya mallaki rabin abin da ake wahalar koya wa ɗalibai a aji. Kin san yadda fuska ke faɗin abin da baki ya ɓoye, kin san bambancin kukan da ya fito daga ciki da wanda aka ƙaƙalo. Kuma a garinmu ma an daɗe da haɗa wasan kwaikwayo da warware matsalolin jama'a. Tun cikin shekarun 1970 malamai da ɗaliban wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello, irin su Michael Etherton da Salihu Bappa da Oga Steve Abah, suka riƙa shiga Samaru da ƙauyuka irin su Bomo, su saurari damuwar mutane, su gina wasa a kanta, su yi shi a dandali, sannan a zauna da masu kallo a tattauna mafita. A Turai ma wani likita mai suna Jacob Moreno ya fara amfani da wasan kwaikwayo wajen jinyar zukata a birnin Biyana tun shekarun 1920, kuma har yau masu ba da shawara suna sa mutum ya gwada a gabansu maganar da yake tsoron yi wa mijinsa ko mahaifinsa, ya maimaita har bakinsa ya saba. Ranar da kika samu horo, wannan fanni zai zo miki da sauƙin da ba zai zo wa abokan karatunki ba.

Horon kuwa ba ya da nisa da ke, a Samaru yake. Tsangayar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen nazarin halayyar ɗan Adam da ba da shawara. Ki ɗauko takardarki ta sakandare ki duba ko kina da kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. In akwai giɓi, NECO da WAEC duk suna da jarrabawar masu zaman kansu, ki cike shi, sannan ki zauna JAMB. Digiri shekara huɗu ne. Wasu sun fi son su fara da NCE ta shekara uku su shiga jami'a daga aji biyu, wannan ya rage ga ƙarfinki da halin jinyar Hajiya. Ki je sashen da ƙafarki ki tambayi sharuɗɗan bana, kada ki dogara da abin da aka gaya miki a waya. Na san kina lissafin cewa za ki haura 43 kafin ki gama, kuma za ki zauna aji ɗaya da sa'o'in 'ya'yanki waɗanda za su riƙa neman ɗaukar hoto da ke. Wannan zai wuce cikin mako biyu. A wannan sana'a shekaru jari ne, matar aure mai 'ya'ya biyar ta fi sakin jiki da sa'arta a kan yarinyar da ta gama bautar ƙasa bara.

Dalilin da ya sa na nace a kan karatu ya wuce takarda. A 2022 an sa hannu kan dokar da ta kafa majalisar kula da masu sana'ar ba da shawara a Nijeriya, wadda aka ɗora wa alhakin tsayar da matakin ilimin da ake buƙata da yi wa masu aikin rajista, kuma a Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958. Ma'ana, aikin ya tashi daga na duk wanda ya ga dama ya rataya allo a ƙofarsa. Amma ko da babu doka, akwai abin da hankali da kyakkyawar niyya ba za su nuna miki ba sai an koya miki. Mai jego da ta daina cin abinci, ta ƙi ɗaukar jaririnta, tana kuka ba dalili, dangi za su ce iska ce ko rashin godiya, alhali sau da yawa ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, yana da magani, kuma addu'a da asibiti ba kishiyoyin juna ba ne. Uwar da ta zo miki da kukan ɗanta mai shaye-shaye tana buƙatar wanda ya san cewa raba mutum da wasu ƙwayoyin farat ɗaya yana iya jefa shi cikin haɗari, kuma ɗaure shi da mari ba magani ba ne. Rahoton 2018 na binciken da aka gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a shekarar 2017, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. Waɗannan matan ba sa zuwa ofishin hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA da ƙafarsu, wurin irinki suke zuwa, cikin dare, a ɓoye. Babban abin da makaranta za ta ba ki shi ne sanin iyakarki, ki gane wace matsala ce taki, wace ce ta likita, wace ce ta malamin da ya san hukuncin aure da saki, wace ce ta lauya ko alƙali.

Game da tayin furodusa, amsata a'a ce, kuma ina so ki faɗa masa ba tare da kwana-kwana ba. Matan nan ke suka rubuto wa, ba duniya ba. Zai ce miki za a ɓoye suna, to amma ke 'yar Zariya ce, kin san garin nan. In kika ce wata matar malami a Gyallesu mai kishiyoyi biyu, wadda ta haihu da ƙaramar salla, kafin la'asar an gane ta daga Ƙofar Doka har Sabon Gari, kuma mijinta zai ji daga bakin abokansa a majalisa. Aure yana iya mutuwa a kan wannan, rai ma yana iya salwanta. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda aka nemi shawararsa abin amincewa ne, wato amana aka ba shi. Ban san wata hanya da mutum zai karɓi amana ya mayar da ita abin tara masu kallo ba tare da ya ci ta ba. Akwai kuma illar da ba a gani nan take: duk shirin da kuɗinsa ya dogara ga yawan masu kallo, a hankali zai riƙa tura ki ga labarin da ya fi tayar da hankali da amsar da ta fi zafi, har ki wayi gari kina karanta saƙon mace kina auna ko zai ja jama'a. In kina son ki yi amfani da fuskarki da mutane suka sani, hanya a buɗe take. Ki yi shirin da zai ɗauki matsala ɗaya, kamar damuwar masu jego, a ƙaga ɗan gajeren wasa wanda ba labarin kowa ba ne, ki gayyato likita ko malama su yi bayani, ke kina tambaya a madadin mai kallo. A nan ƙwarewarki ta fim za ta yi aikinta, kuma ba ki sayar da kowa ba.

Maganar Yayanki ta yi miki ciwo, na ji hakan a rubutunki. Ban yarda da shi ba. Ana auna nasiha da gaskiyarta da halin mai yin ta a yau, kuma macen da ta bar suna da kuɗi ta dawo tana wanke wa mahaifiyarta jiki ba ta buƙatar wani ya ba ta takardar shaidar mutunci. Kada kuma neman yardar mutane ya sa ki riƙa zagin sana'ar da ta ciyar da ke shekara 14, ko abokan aikin da kuka ci abinci a kwano ɗaya. Inda kika san kin yi kuskure, tsakaninki da Ubangijinki ne, inda ba ki yi ba kuwa babu dalilin sunkuyar da kai. Sai dai ina zaton a ƙarƙashin kaushin maganarsa akwai tsoro. Shi ne ya sha jin maganganu a masallaci da wurin ɗaurin aure duk tsawon shekarun nan, yana gudun a sake sa ku a baki. Kada ki yi jayayya da shi. Ki samu lokacin da hankalinsa yake kwance, a gaban Hajiya in jikinta ya yarda, ki ce masa makaranta kike so ki koma, kina neman albarkarsa, kina kuma so shi ya raka ki Samaru. Yayan da aka ba girmansa aka sa shi a gaba yakan zama mai kare abin da ya fara ƙi.

Saura abu biyu da ba zan ɓoye miki ba. Wannan sana'a ba ta kawo kuɗi da wuri. Mutanenmu ba su saba biyan wanda ya saurare su ba, yawancin masu yin ta albashin makaranta ko asibiti ko wata ƙungiya suke ci, saboda haka ki riƙe wata sana'ar da za ta ɗauki gida da kuɗin makaranta. Na biyun ya fi wannan laushi. Wanda ya saba a tsayar da shi a kasuwa ana gaishe shi, idan abin ya fara ja baya yakan ji wani irin kaɗaici, kuma wayar da ke ƙara dare da rana da kukan mutane tana iya cike wannan gurbi ba tare da ya lura ba. Ban ce haka ne halinki ba. Amma ki riƙa duba zuciyarki, in kin ga ranki yana ɓaci ranar da wata ta warke ta daina kiranki, to akwai gyara, domin a aikin nan ranar da mace ta daina buƙatarki ita ce ranar da kika yi nasara.

Kafin ki samu shiga makaranta ba na ce ki rufe ƙofa ba. Ki ci gaba da sauraro a matsayin 'yar'uwa, ki riƙa gaya musu a fili cewa ke ba likita ba ce kuma ba ki kammala koyon aikin ba. Ki ware layin waya daban, ki sa lokacin da kike amsawa, domin Hajiya tana da haƙƙi a kan darenki, ke ma kina da shi. Ki daina yanke hukuncin a zauna ko a fita daga aure bayan kin ji ɓangare ɗaya. Ki nemi wata ƙungiyar mata da ta daɗe a aikin, irin FOMWAN, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi, ki yi aikin sa kai a ƙarƙashin waɗanda suka riga ki, kuma ki samu mutum ɗaya mai horo wanda za ki riƙa kai wa abin da ya fi ƙarfinki ba tare da ambaton suna ba, don kada wani dare irin wancan ya sake samunki ke kaɗai. Ki rubuta lambobin asibitocin da na ambata a takarda ki ajiye kusa da wayar. Sannan ki sake rubuto mini bayan kin ga yarinyar nan, ina so in ji halin da take ciki.